Wai Don Wa Aka Gina Makarantar?

'Yan uwana mata, musamman ku amare da masu goyon fari, waɗanda gobe-goben nan za ku riƙo hannun ɗa ku nufi ƙofar makaranta da shi. Yau zancen nawa ba na girki ba ne, ba kuma na zama da miji ba. Wani abu ne da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na yi ta haɗiye shi, har dai na ga shirun ba zai fisshe mu ba. In maganar ta taɓa wata, ta yi haƙuri, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ni ma kuwa sai da ta fara taɓa ni.

Ina da wata jika, 'yar shekara shida, wadda nake tsokana da kishiya. Uwarta ta sa ta wata makarantar kuɗi a nan cikin garin Daura. Ba zan faɗi sunanta ba, don irinta sun fi a ƙirga, kuma duk kanwar ja ce. An shafe katanga da fenti mai ɗaukar ido, an zana zaki da raƙumin dawa, an kafa wani ƙaton allo a bakin ƙofa an rubuta Montessori da manyan baƙaƙe. Ranar bikin yaye 'yan nazare aka gayyace mu. Aka sa wa yara doguwar riga da hula mai tunku irin ta 'yan jami'a, aka ɗora kishiyar tawa a kan tebur, ta jero jihohin Najeriya 36 da manyan biranensu da Turanci, ko tuntuɓe ba ta yi ba. Mata suka ɗauki guɗa, aka yi ta liƙi. Ni kaina sai da na share ƙwalla, na ce a raina lalle kuɗin nan ba su tafi a banza ba.

Bayan kwana biyu ta zo mini yini. Tana zaune a tabarma tana ta rera "e fo afil, bi fo bol", sai na ce, "Ke kishiya, wai mene ne afil ɗin nan da kika ishe ni da shi?" Ta yi shiru, ta ce, "Hajiya, afil dai, na cikin littafi." Alhali ga tuffa nan a faranti gabanta babanta ya sayo, ba ta san ita ce ba. Na ce to, babban birnin jihar Katsina fa? Ta kasa, sai da ta koma ta faro daga Abiya ta biyo layi kafin ta iso. Na tambaye ta mu a wace jiha muke, ta ce a Daura. Ana cikin haka 'yar maƙwabta mai tallan gyaɗa ta shigo, sa'arta ce, ba ta taɓa zama a benci ba. Na sayi ta naira 150 na miƙa mata 500, kafin in rufe jaka ta ce canjina 350. Kishiyar tawa kuwa mai rera ƙidaya har ɗari, da na zube mata ƙwayar gyaɗa goma na kwashe uku na ce saura nawa, sai ta zuba mini ido, idon ya kawo ruwa. Abin da ya fi tsaya mini a rai ba rashin sanin ba ne, a'a, yadda ta ɗaga hannu ta kare kanta, kamar mai jiran saukar wani abu.

Ruwa dai ba ya tsami banza. Da na matsa wa uwar da tambaya, sai ta ce ai yarinyar ta kwana biyu kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo, amma ranar Asabar da Lahadi garau take, har ma ta koma fitsarin kwance da ta daina tun tana shekara uku. An ba ta jiƙo, an kai ta kemis, ba wanda ya zaunar da ita ya tambaye ta. Ni na lallashe ta a daren nan, ta faɗa mini. Wai monita na rubuta sunan duk wanda ya yi Hausa a aji, a ci shi tara, 'yan kuɗin da ake ba ta na sayen abin taɓawa can suke ƙarewa. In babu kuɗi kuwa, bulala biyar a tafin hannu. Ita kuma ba ta iya cewa tana jin fitsari da Turanci ba, don haka sai ta matse har a tashi. Rannan ya kubce mata a aji, Anti ta tsayar da ita gaban allo ta sa yara suka yi mata ele.

Washegari na yafa mayafi na tafi da kaina. Hedimastan yaro ne mai ladabi, sa'an ɗana, har ƙasa ya gaishe ni. Da na gama zazzage masa abin da ke cikina, sai ya ce, "Wallahi Hajiya duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma ku iyaye ku ne kuke so. In yaro ya yi wata uku bai koma gida yana Turanci ba, uwarsa za ta cire shi ta kai gaba. In ba mu cika masa jaka da aikin gida ba, a ce ba ma koyarwa. Akwai uban da ya kawo mana ɗansa ya haɗo mana da dorina sabuwa fil." Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna guɗar da na yi ranar biki. Laifi tudu ne. Na ja bakina na yi shiru.

To 'yar uwa, bari in ba ki labarin mai sunan nan da ake rubutawa a alluna, don ki san abin da ake sayar miki da abin da ake ba ki. Maria Montessori likita ce 'yar ƙasar Italiya, tana cikin matan farko da suka zama likitoci a can. A watan Janairun 1907 ta buɗe makarantarta ta fari a wata unguwar talakawa da ke birnin Rum, don 'ya'yan leburori da iyayensu ke fita aiki su bar su suna gararamba. Kin ji fa, ba 'ya'yan masu kuɗi ba. Ta sa aka yi tebura da kujeru daidai tsayin yaro, aka ajiye kayan aiki inda hannunsa zai kai. Yaro shi ke zaɓar abin da zai yi, ya yi ta maimaitawa har ya gamsu. Ana koya musu shara da wanke hannu da ɓalla maɓalli da zuba ruwa ba tare da ɓari ba. Baƙaƙe kuwa an yanka su da takarda mai kaushi, yaro ya bi da yatsa yana faɗin sautin, kuma da harshen da ya tashi da shi. Manya da ƙanana aji ɗaya suke, babba na nuna wa ƙarami. Ba ta yarda da duka ba, ba ta ma yarda da kyautar na ɗaya da na biyu ba. Aikin malama shi ne ta sa ido ta lura da yaro, ta gane abin da ya shirya koya. Kafin ita ma, a 1896, wani malami a Amurka mai suna John Dewey ya buɗe wata makaranta a Shikago inda yara ke girki da saƙa da kafinta da noman lambu, a cikin aikin suke tsintar lissafi da karatu. Yanzu ki dubi ajin ɗanki ki faɗa mini, me ya rage na wannan mata in ban da sunanta a allon ƙofa?

Kada kuma ki ce wannan abin Turawa ne, bai dace da mu ba. Ke da kanki yaya aka yi kika iya tuƙa tuwo? An zaunar da ke an ce ki haddace sunayen tukunya da muciya ne? Da tuwon ƙasa kika fara a bayan ɗaki, da 'yar tsana da gwangwanin madara, sannan aka ba ki tankaɗe, sannan aka bar miki talge. Ɗan maƙeri da zuga-zugi yake farawa. Ƙidaya a wajen carafke da dara muka koye ta, kaifin tunani a wajen kacici-kacici da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. Ko a makarantar allo, duk da dorinar da ke hannun malam, akwai hikimar da bokon yau ta rasa: kowane yaro da allonsa, kowa da inda ya tsaya, ba a wanke maka sai ka iya, ba a kuma tsare ka don na kusa da kai bai iya ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta tashi ilmantar da matan ƙauye ai ba ta ce sai sun iya Larabci tukuna ba. Ta tura musu jajis da karatu cikin Hausa da Fulatanci, a harshen da suke mafarki da shi.

Ni 'yar UPE ce. A 1976 aka kwashe mu aka zuba a firamare, zamanin Sarkin Daura Muhammadu Bashar, lokacin muna cikin jihar Kaduna, don sai a 1987 aka yanke mana Katsina. Na sha bulala kamar kowa, kuma duk abin da aka dura mini da ita ya bi ruwa. Amma akwai wani malaminmu na aji uku, Allah ya jiƙansa, da ya jera mu wata safiya ya kai mu rijiyar Kusugu. Aka ba mu labarin Bayajidda da Daurama, da macijin da ke hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Wata ƙawata mai rawar kai ta ce, "To Malam, ranar Laraba da me suke dafa tuwo?" Muka yi tsuru-tsuru muna jiran mari. Sai ya yi dariya ya ce tambaya ta yi kyau. Ya ce kowa ya je gida ya tambayi innarsa tulu nawa suke sha a yini. Washegari muka kawo amsa, ya sa muka lissafa da tsakuwa tulu nawa gida zai tara don ya kai kwana bakwai. A nan na gane ninkawa, kuma yau kusan shekara hamsin ban manta ba. Ranar nan mun yi tarihi, mun yi lissafi, mun sa iyayenmu mata cikin karatunmu, ba a kashe ko kwabo ba.

Irin wannan koyarwa ma an taɓa yi mata shiri na musamman a Arewa. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta haɗa hannu da UNICEF da UNESCO suka fito da shirin kyautata karatun firamare, inda aka rubuta sababbin littattafai, aka ce yaro ya riƙa koyo ta hanyar taɓawa da yi da hannunsa, aka kuma sa ƙwararrun malamai suna zagayawa makaranta-makaranta suna nuna wa na aji. A ƙasar Yarabawa kuma Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a Ife a 1970: aka koyar da wasu yara komai da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi guda. Da aka auna, ba su gaza waɗanda aka koyar da Turanci ba, a darussa da dama ma sun fi su. Gwamnatin tarayya dai ta sha juya magana a kan wannan. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara da harshen gida, a 2022 aka ce a kai shi har aji shida, a watan Nuwamban 2025 kuma aka soke aka ce a koma Turanci. Ni ba na faɗa da Turanci, ina so jikata ta iya shi fiye da Baturen. Amma ko wace takarda aka sa wa hannu a Abuja, ba inda aka ce a ci 'yar shekara shida tara don ta nemi zagayawa da harshen uwarta.

Na san abin da wata za ta ce: ka ƙi naka duniya ta so shi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka ne. Amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Mu mutanen Daura bai kamata a ba mu labarin inda wannan hanya take ɓullewa ba. A watan Oktoban 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a cikin garin nan suka fito da mutum 67, manya da yara, wasu da sasari a ƙafa, jiki duk tabo, duniya kaf ta gani. Su wa suka kai su? Iyayensu ne, da hannunsu, har da biyan kuɗi, kuma da kyakkyawar niyya, wai a gyara musu su. Ba na ce ajin nazare gidan mari ne ba. Amma tunanin guda ne: a miƙa ɗa, a juya baya, a ce a yi masa duk abin da za a yi in dai zai shiryu. Yaron da aka raina da tsoro ladabin ido yake koya. Zai iya durƙusa miki har ƙasa, amma ranar da wani abu ya same shi a hanya ko a makaranta, ke ce ta ƙarshe da za ki ji.

Kada dai a fahimce ni a baibai. Ba ina cewa a sakar wa yaro ragama ya hau kan malami ba, irin tarbiyyar da wasu ke kwaikwayo a talabijin. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A ajin ita Montessori ɗin ma akwai doka: in ka ɗauki abu ka mayar inda yake, ba ka katse wanda ke aiki. Kuma ba zan ɗora wa malamai laifin duka ba. Ku je makarantun gwamnati na ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu da Mai'aduwa ku ga malami ɗaya da aji maƙil, yara a ƙasa, alli ma wani lokaci daga aljihunsa. Ita ma Antin da ta tozarta jikata yarinya ce da ta gama sakandare, ba a koya mata aikin ba, albashinta bai kai ta ƙarshen wata ba, abin da aka yi mata tana ƙarama shi take ramawa. Sai dai jan yaro a jiki ba ya cin kuɗi. Malaminmu na Kusugu ai ba shi da fanka ba shi da kwamfuta.

Babban abin da ya ɓace mana, a ganina, shi ne makaranta ta daina zama ta unguwa. Da can ɗa na kowa ne, malami ya san gidan kowane yaro, in bai ga yarinya kwana biyu ba zai yi sallama a zaure. Yanzu mai babur ya ɗauka, mai babur ya dawo da shi, tsakaninmu da makaranta sai rasit. Taron iyaye da malamai kuwa maza ke zuwa, su ma 'yan kaɗan, a yanka kuɗin da za a biya a watse. Alhali wa ya san yaron? Wa ke wanke zanen da ya jiƙa da dare? Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, an kuma tsara cewa kowace makarantar gwamnati ta sami kwamitin al'umma mai sa ido, wanda dole a sa mata a ciki, har da wakilan ɗalibai. Shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar a jihar Katsina daga 2012 zuwa 2022 ya yi aiki da ƙungiyoyin iyaye mata. Kujerar tamu tana nan a ajiye, mu ne ba ma zuwa mu zauna.

Don haka 'yar uwa, ki nemi izinin maigida ki je da kanki, kuma ba ranar biki ba, ranar Talata da hantsi. Kada ki tsaya kallon fenti. Ki leƙa bayan gida ki ga ko akwai ruwa da buta. Ki tsaya bakin taga ki saurara: muryar wa ta fi yawa, ta malama ko ta yara? Akwai yaron da ya ɗaga hannu ya yi tambaya? In malama ta matso kusa da yaro, murmushi yake yi ko noƙewa? In ba za ki iya fita ba, ku haɗu ku biyar a unguwa ku wakilta dattijuwa guda, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kuma ɗanki ya dawo, daina tambayarsa na nawa ya zo. Ki ce ya koya miki abin da aka koya masa yau, da Hausa. In ya iya mayar miki, ya gane. In kuwa sai dai ya rera, to aku kike kiwo. Mu daina guɗa don an sa wa ɗan shekara biyar rigar digiri, domin masu makarantun nan 'yan kasuwa ne, abin da muka taya shi za su kasa.

Ita kishiyar tawa ba mu cire ta ba, don inda za a kai ta ma haka ne. Mu mata bakwai muka koma wajen hedimasta tare, aka soke tarar Hausa a ƙananan azuzuwa, aka ce duk yaron da ya matsu ya fita ba sai ya roƙa ba. Bulala dai ba ta bar makarantar ba tukuna, muna nan muna fama. Amma ciwon cikin safe ya tafi, tabarma ta bushe. Shekaranjiya ina tsince shinkafa ta zo ta tsuguna ta ce, "Hajiya, wai me ya sa wata ke bin mu duk inda muka je?" Na ce ban sani ba, ta je ta tambayi Anti. Ta ce, "To, gobe zan tambaye ta." Ba ta ko ji ɗar ba. Wallahi wannan ya fi mini jihohi 36 da manyan biranensu.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu ikon sauke amanar da ya ɗora mana. Wassalam.